Sai Mai Jan Aji Ya Farka

Ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ni da Baba, da fatan kina lafiya, kuma kina cin abinci irin na mutane, ba biskit da shayi a gaban kwamfuta ba. Na san hali.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa daga wurina. Baba ne ya kafa doka. Tunda kunnensa ya ƙara nauyi ya ce shi da waya sun rabu, wai ya gaji: ke kina ɗaga murya a can, shi yana "na'am?" a nan, maƙwabta sun fi shi sanin abin da kika ce. Daga yau da hannu zai riƙa rubuta miki, ni in ɗauki hoton takardar in turo, ke ma ki rubuto in kai a buga masa da manyan baƙaƙe. Na ce tunda an buɗe gidan waya a falonmu, bari ni in fara jefa tawa.

Jikinsa da sauƙi. Ƙafar hagu dai tun shanyewar bara ba ta dawo ba. Sai an ɗaga shi, an zaunar, an kai shi banɗaki, ga allurar suga safe da yamma. Amma baki lafiya lau yake. Jiya ya tsare mai kemis na bakin layi da labarin shekarunsa talatin a ɗakin hoton asibiti, tun daga fari, bawan Allah yana tsaye da ledar magani a hannu ya rasa ta inda zai sulale. Na dawo da keken ɗinki ɗaya gida daga shagona na ajiye kusa da taga, don in riƙa jin motsinsa ina aiki.

To, akwai 'yar magana, kuma kada ki ɗaga hankalinki. Wani tari ya dame ni, na je asibiti aka yi mini hoton ƙirji. Likita ya ga ɗan ƙullutu a gefen huhu, ya ce gara a yi aiki a cire. Ba na gaggawa ba ne. Matsalar ita ce bayan aikin ko bokiti ba zan ɗaga ba na wajen wata biyu, balle Baba. Kin kuma san ba zan sake barinsa a hannun ɗan haya mai jinya ba, tun faɗuwar da ya yi a banɗaki mutumin yana tsakar gida yana latsa waya. Goggo kuwa ita ma mai ɗagawa take nema.

Saboda haka idan wannan tauraron naki, Mai Jan Aji, ya ga dama ya yi abin da kike jira, kin sami hutu, sai ki zo ki riƙe mini Baba in je a yi a gama. Wasu saurayi ke ja musu aji, ke tauraro. Allah ya shirya.

Ki huta lafiya.
Yayarki

* * *

Yayata,

Wa'alaikumus salam. Na gaishe ki, na gaida Baba, Allah ya ƙara masa sauƙi.

Sai da kika gama ba ni labarin mai kemis sannan kika ce kada in ɗaga hankalina. Haka ake yi? A ofis na karanta, na tashi na rufe ƙofa na sake karantawa. Na kira ki, kika ce mini lafiya lau da muryar nan da kike yi wa wadda ta zo karɓar ɗinki ba a gama ba. Wane irin ƙullutu ne? Likitan da bakinsa ya ce ba gaggawa? Baba ya ga hoton? Shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaga irin waɗannan hotuna a gaban fitila, me ya ce?

Ga halin da nake ciki, don kada ki ce jan aji na koya a wurinsa. Shekara uku ina neman a ba ni lokaci a babbar na'urar hangen nan da ke kewaya duniya, wadda ke ganin hasken eksire, irin wanda ake hoton ƙirji da shi, sai bana aka ba ni. Amma da sharaɗi. Tauraron yanzu barci yake, babu abin gani. Akwai wata ƙaramar na'ura da ke leƙa shi jefi-jefi. Ranar da ta ga ya farka za a aiko mini da saƙo, ni kuma in ba da umarni a juyo da babbar kansa kafin ya sake kwanciya. Ni kaɗai ke da izinin ba da umarnin, kuma izinin na shekara guda ne. In ya wuce ni, wataƙila sai bayan shekaru. Yanzu wayata ba ta mutuwa, ko wanka zan shiga tana kan taga. Shugaban sashenmu ya ce in tara hutuna in ɗauka gaba ɗaya bayan na gama da shi, ni kuma ina kyautata zaton ba zai daɗe ba.

Duk da haka, Yaya, kalma ɗaya za ki faɗa in nemi tikiti. Da gaske nake. Batun abinci kuma, ina dafa shinkafa, wani lokacin har takan nuna.

Ki amsa mini tambayoyina ɗaya bayan ɗaya. Allah ya ba ki lafiya.
Autarki

* * *

Zuwa ga 'yata,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu, in ban da ƙafata, wadda ta yi ritaya ba tare da ta rubuto mini ba.

Yayarki ta nuna mini takardarki. Kin tambayi abin da na ce game da hoton. Mai ɗaukar hoto ba ya fassara hoto, aikin likita ne. Haka aka koya mana, kuma shekara talatin ban taɓa gaya wa majinyaci abin da na gani ba, ko da ya riƙe mini riga.

Batun tikiti kuwa, ki bar shi. Wanda aka damƙa wa na'ura ba ya barin bakinta. Ranar da aka haife ki ina cikin asibitin, tsakanina da ɗakin haihuwa baranda ɗaya ce, amma aka shigo da mutanen wata mota da ta kife, ni kaɗai ne kuma a bakin aiki. Sai da na gama da na ƙarshensu na je na gan ki, kin riga kin yi kukanki kin gaji. Mahaifiyarku, Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa yi mini gori a kai ba. Ba zan zama sanadin da 'yata za ta bar wurin da aka ajiye ta ba.

Sai dai ina da tambayoyi, daga tsohon ma'aikacin eksire zuwa ga sabuwa. Na san inda namu hasken yake fitowa: bututu ne da wuta da ƙarfe. Shi wannan naku, wa ya kunna masa? Me ke sa shi barci, me ke tashinsa? Kuna sa rigar dalma yadda muke sawa? Mafi muhimmanci, yana da lokacin farkawa, ko yana ba da wata alama kafin nan? Na ga masu dogon suma da yawa, akasarinsu sukan fara motsa yatsa. Ki yi mini bayani dalla-dalla, ba ni da wurin zuwa. Yaushe ake sa ransa?

Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'ar abin da kike jira da wuri.
Ni ne mahaifinki

* * *

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya dawo da ƙafa bakin aiki.

Ba ka san daɗin da na ji ba. Tunda na fara wannan karatu ba a taɓa tambayata a gida ba, sai dai a ce Allah ya ba da sa'a a sauya magana. Yau ka jawo wa kanka, sai ka gyara zama.

Ba tauraro ɗaya ba ne, biyu ne suna kewaya juna, kuma ba a gungunmu suke ba. Rana da duk taurarin da kake gani da ido gungu ɗaya ne, kamar gari guda. Waɗannan a wani gungun suke, maƙwabcin namu, kuma hasken da ya baro su yakan yi wajen shekara dubu ɗari biyu a hanya. Wato farkawar da nake jira ta riga ta faru tuntuni, saƙon ne bai iso ba. Nisan ma ya yi mana rana. Taurarin wancan gungun kusan nisa ɗaya suke daga nan, mun kuma san nisan, don haka in na auna hasken da ya iso zan iya lissafa ainihin ƙarfinsa a can. Na gida sau da yawa sun fi ba da wahala.

Babban shuɗi ne, mai tsananin zafi, ya ninka rana nauyi fiye da sau goma. Juyi yake da gudun tsiya har gas yana zubowa daga ƙugunsa ya kewaye shi. Ka ce wa Yaya siket ne mai faɗi. Ƙaramin kuwa gawar tauraro ce. Ya taɓa zama babba, ya ƙone, ya fashe, cikinsa ya dunƙule. Faɗinsa bai wuce na gari ɗaya ba, amma ya fi rana nauyi. Ba ya yin wani hasken kirki da kansa, sai ya ci.

Hanyar da yake bi ba da'ira ba ce, siffar ƙwai gare ta. Kowane wata biyu da 'yan kai yakan matso kusa da babban sannan ya yi nisa. Idan siket ɗin ƙarami ne sai ya wuce bai taɓa komai ba, wannan shi ne barcin. Idan ya yi faɗi sai ya kutsa ciki ya ɗebo gas, gas ɗin ya faɗo masa da mugun gudu, ya yi zafin miliyoyin digiri. A nan eksire ke fitowa. A na'urarka ƙwayoyin lantarki ake harbawa su daki ƙarfe, a tawa gas ke dukan gawar tauraro, amma hasken iri ɗaya ne. Ka ga ashe gado na yi. Rigar dalma ba ma sawa, don iskar duniya ta tare shi duka, shi ya sa ma aka kai na'urar sama. Abin da ke isowa ɗan kaɗan ne, ɗaiɗai muke ƙirga ƙwayoyinsa.

Abin da nake nema shi ne bugunsa. Maganaɗisunsa yana tattara gas ɗin a wurare biyu, shi kuma yana juyawa, sai hasken ya riƙa zuwa yana ɗaukewa duk bayan 'yan daƙiƙu, kamar fitilar kan motar asibiti. In yana tahowa wajenmu bugun yakan iso da wuri kaɗan, in yana komawa ya ɗan makara. Daga wannan zan fitar da girman hanyarsa in kimanta nauyin babban, daga yadda juyinsa ke ƙara sauri kuma in san ƙarfin maganaɗisun. Nasa ba a taɓa aunawa ba, shi ya sa nake rawar jiki a kansa.

Saura tambayarka ta ƙarshe, wadda ka ja wa layi biyu. Ban san yaushe ba, Baba, kuma babu wanda ya sani. Motsin yatsan da yake yi ɗaya ne: in siket ɗin yana girma, hasken babban yakan ɗan yi ja. Masu dubawa sun ce ya fara. Yana iya zama wata mai zuwa, yana iya kaiwa ƙarshen shekara.

Yaya ba ta amsa mini ko tambaya ɗaya ba. Ka sa ta ta rubuto, maganarka take ji.

Allah ya bar mana kai.
'Yarka Auta

* * *

Auta,

Salamu alaikum, ya aiki, ya Mai Jan Aji? Baba yana gaishe ki.

Takardarki ta zama littafin karatu a gidan nan. Baba ya sa na ɗauko takardar yanka da allin ɗinki na zana masa ƙwai, da babban tauraro da siket ɗinsa, da ɗan ɗigo a gefe. Sau uku yana sa ni gyarawa, wai siket ɗin ya yi tattara da yawa. Mun manna a bangon da ke kallon gadonsa. Kullum da safe kafin shayi sai ya ce, "Uwata, ya farka?" Ni kuma in ce yana nan yana minshari. Har Goggo ta zo ta tsaya tana kallon zanen, ta tambaya ko sabon yayi ne.

Ni abin da na tsinta a ciki shi ne, babban ke zubar da kayansa, ƙaramin ya bi ya kwashe, kuma ƙaramin ake kafa wa na'ura ana jira ya haskaka. Na ce wa Baba na san wasu 'yan gida ɗaya masu irin wannan zama. Bai yi dariya ba, wataƙila bai ji ba. Wasa nake yi, kada ki kumbura. Duk rigar da kika sace mini na yafe, ban da mai ruwan toka.

Tambayoyinki sun yi yawa. Likita ya ce abin da likitoci ke cewa. An sake yi mini hoto, sun kira sun ba ni rana, na ce musu ba yanzu ba, ƙanwata tana bakin aiki. Tarin yana nan, ba ya hana ni komai. Shagon na bar wa abokiyar aikina na ɗan lokaci, hawa matattakalar nan ya fara isata, kuma dama ɗinkin gida ya fi kwanciyar hankali. In kin kira kin ji ina haki, ki sani daga wanki na taso.

Kada ki kuskura ki zo. Shekara uku kina nema. Ni na kai ki makaranta ranar farko kina riƙe da gefen zanena kina jan majina, ba kuma ni zan janyo ki daga ƙarshenta ba. Ina alfahari da ke, ko da yake rabin abin da kike faɗa sai Baba ya fassara mini.

Ki ci abinci. Sai na ji ki.
Yayarki

* * *

Zuwa ga 'yata,

Bayan sallama da gaisuwa. Wannan takarda ba ta bi ta hannun Yayarki ba. Mai kemis ne zai ɗauke ta ya turo miki, ta lambarsa kuma za ki ba ni amsa. Ya yi alkawarin ba zai karanta ba, na kuwa yarda, don ya sha gaya mini rubutuna ya fi na likita muni.

Zan yi abin da ban taɓa yi ba. Na ga hotunan biyu. Tana ajiye su a ƙarƙashin yadudduka a durowar keke, ta manta daga kujerata hannuna yana kaiwa. Da ta fita sayen burodi na ɗaga su a taga, na farko da na biyu. Kin ce siket ɗin tauraronki yana girma. Nan ma akwai abin da ke girma. A na farko inuwar ba ta wuce ƙwayar wake ba, a na biyu ta kusa kan babban yatsa, kuma gefenta ba sumul yake ba. Ni ba likita ba ne, amma na ɗauki irin wannan da yawa, na kuma ga waɗanda suka jira har hoto na uku. Na tabbata likitan bai ce ba gaggawa ba. Ita ce ta ce.

Yanzu idan ta ɗaga ni sai ta tsaya ta dafa bango, ta yi kamar labule take gyarawa. Na ce a ɗauko ɗan haya, ko sau goma zan faɗi na yarda. Ta yi kunnen uwar shegu da ni. Na yi faɗa, ta kawo mini shayi. Sai na fahimci ba ni kaɗai ke riƙe da ita ba. Mahaifiyarku da ƙafarta ta shiga ɗakin aiki ba ta fito ba, kuma Yayarki ce ta raka ta har ƙofa ta riƙe mata takalma. Ke kina ƙarama lokacin. Tsoro take ji, tauraronki kuma ya ba ta wurin ɓuya. Ni ma tsoro nake ji, 'yata.

Tambayoyin da na yi miki, na ji daɗin amsarsu ƙwarai, amma rana nake nema a cikinsu. Na zauna da kalanda ina lissafin wata biyu da 'yan kai, na ga lissafin ba shi da ƙarshe.

Ban ce ki bar bakin aikinki ba, bakina bai iya faɗin haka ba. Na gane na'urar tana sama, ke kuma kina ɗakin da ake sarrafa ta, yadda nakan tsaya bayan gilashi hannuna a kan maɓalli. Ga abin da nake tambaya. A zamaninmu idan larura ta taso mukan yi musayar aiki da abokin aiki, da sanin shugaba. Babu wani mai amana da za a ba izini ya zauna a kujerarki? In sai an rubuta takardar roƙo, ni zan rubuta wa shugabanku da hannuna, na iya irin wannan takarda. In kuma babu hali, ki gaya mini gaskiya, in san abin da zan yi.

Allah ya yi miki albarka, ya nuna mana mafita.
Ni ne mahaifinki

* * *

Baba,

Ina gaishe ka.

Babu ɗakin gilashi, Baba. Babu maɓalli, babu kujera. Masu sarrafa na'urar suna wata ƙasa, ban taɓa ganin fuskarsu ba. Umarnin da nake faɗa saƙo ne kawai, daga wayata zan aika shi, ko ina zaune a bakin gadonka. Abin da ya riƙe ni a nan azuzuwa biyu ne da nake koyarwa, da hutun da nake tarawa don an ce mini ba gaggawa. Azuzuwan, abokin ofishina ya karɓa tun kafin in rufe baki. Na yi maka bayanin komai har launin tauraro, wannan kaɗai ban faɗa ba, don ban taɓa zaton tambaya ce ba. Na yi kuka, na kuma ji haushin mu duka ukun.

Kada ka rubuta wa shugaban kowa. Na sami tikiti, ina hanya. Kada ka gaya wa Yaya sai ta gan ni a ƙofa, in ta sani za ta ƙirƙiro wani tauraron. Ka sa mai kemis ya turo mini hoton katin asibitinta, ni zan kira su a dawo mata da ranarta. Ni zan raka ta har ƙofa, takalman kuma ba zan riƙe ba, a ƙarƙashin gadonta zan ajiye su ta sa da kanta in ta tashi.

Na gode da ka ɗaga hoton a taga. Allah ya saka maka da alheri.
'Yarka Auta

* * *

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa, ya jiki? Auta za ta kawo miki wannan tare da fulas ɗin shayi. Ta ce kin tashi zaune, kin sha ruwa, har kin gaya wa nas cewa an karkace mata wuyan riga. Na gode wa Allah.

Ƙanwarki ba ta iya ɗaga mutum ba, ja take kamar buhu, amma tana koyo. Allura kuwa hannunta ya fi naki sauƙi. Kada ki gaya mata.

Jiya da hantsi Mai Jan Aji ya farka. Tana tsugune tana wanke mini ƙafa wayar ta yi ƙara. Ta goge hannu a zanenta, ta duba, ta danna abin da za ta danna, ta ajiye, ta ce in miƙo ɗayar. Ruwan ko hucewa bai yi ba. Abin da muka jira ke nan, ni da ke, wata da watanni. Na juya fuskata bango, ta yi kamar ba ta gani ba.

Sakamakon abin da aka cire bai fito ba, sun ce sai mako mai zuwa. Ba na lissafi, addu'a nake yi. Kekenki yana nan kusa da taga, na hana a matsar da shi. Ki dawo, Uwata. Gidan ya yi shiru, har ni da ba na ji na ji.

Allah ya tashi kafaɗarki.
Ni ne mahaifinki